Fitila a Bayan Raga

Highlandtown, Baltimore
Cikin watan Afrilu

Zuwa ga Bernadine, sanyin idanuna, inuwata ta tsakar rana, farin watan da ya fito mini bayan na riga na rufe ƙofa na haƙura da haske. Zuwa ga mai farin gashi da farar zuciya da farar matakala, wadda layinmu ya rame tun ranar da ta tafi.

Zumata. Kin san garin nan, kowa zuma ne a bakin kowa. Mai sayar da kofi ta ce wa ɗan sanda zuma, direbar bas ta ce wa mashayi zuma tana tura shi waje. Ni kuwa tun da na fara kiran ki da sunan nan na daina raba wa mutane shi, har Lottie maƙwabciyarki ta ce tsufa ya mai da ni marowaci. To, na ajiye miki kayanki, ga shi na aiko miki da shi a ambulan har Phoenix, can jihar Arizona.

Yaya ƙugun? 'Yarki Denise ta ce kin ajiye keken dafawar nan, yanzu da sanda kike zagaya gida, kina yi wa mai koya miki tafiya gyaran aikinsa. Da na ji haka na san sauƙi ya samu. Ki gaishe ta, ki gaida maigidanta da jikoki. Na ɗauki biro ne domin waya ba ta yi mini adalci. Da na ji muryarki sai duk abin da na shirya ya watse, in koma ba ki labarin ruwan sama da ko ƙaguwa ta fara shigowa kasuwa, ga kuma 'yarki kusa da ke tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ita ce ta gaya mini, ba ke ba. Ta ce wani ya taya gidanki, kuma kin yi musu alkawarin amsa kafin watan Mayu ya ƙare: ko ki sa hannu ki zauna can tare da su, ko ki dawo. Na ce mata to, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Na ajiye wayar, na zauna a kujera da hulata a kaina har abincina ya huce. Bernadine, ashe mutum yana iya kai shekaruna kuma gabansa ya faɗi kamar na yaro?

Ban rubuto don in ja da Denise ba. Tana da gaskiyarta. Ita aka bugo wa waya daga asibiti, ni kuma ni na tsince ki, kowannenmu ya san abin da ya ji a ransa. Safiyar Asabar ce cikin Disamba, ruwa ya daskare a ko'ina, kowa yana cikin bargo, ke kaɗai a duk faɗin Baltimore kika fito da bokiti. Na leƙo daga tagata a tsallaken titi, na gan ki kwance a ƙasa, buroshi a hannunki, ba ki sake shi ba. Na zo na durƙusa, ina kiran sunan duk waliyyin da na sani, ke kuwa abin da kika ce mini shi ne, “Casimir, bar wannan kukan, ka ƙarasa mini ta ƙasan nan. Ba za a zo ɗauka ta a tarar da matakalata rabi fari rabi datti ba.” Na kuwa ƙarasa. Masu motar asibiti suka tarar da tsoho yana goge dutse, tsohuwa a kwance lulluɓe da kwat ɗinsa tana nuna masa inda ya tsallake.

Tun daga ranar ban fasa ba. Duk Asabar ina tsallako titi da bokitinki da buroshinki da hodar da kike amfani da ita, ba wata ba, domin na san in na canza za ki gane ko daga Arizona. Makon farko Lottie ta fito da abin naɗe gashi a kanta, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, “Kai Casimir, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ƙato durƙushe a matakalar wata ba. An ɗaura ne ba mu ji ba, ko aikin lada kake?” Na ce aikin lada ne. Ta ce, “To ga tawa nan, ita ma tana ba da lada.” Na ce gwiwa ɗaya gare ni mai aiki, kuma an riga an kama ta. Ta yi tsaki ta ce, “Daga sama ake farawa, tsoho, ba daga ƙasa ba. Da mai ita ta gan ka, da ta karɓe buroshin ta ƙwala maka.” Yanzu na iya. Ita kanta Lottie ta yarda tata ba ta kai taki fari ba, ko da yake ta ce laifin rana ne, wai ta fi haska ɓangarenki.

Kin fi ni sanin abin da ya sa nake yi. A layin nan ba a tambayar lafiyar gida, matakala ake dubawa. Ke kika ba ni labarin mahaifiyarki, yadda takan dawo daga masana'antar gwangwanin tumatir hannuwanta sun yi jajur, ba ta zama sai ta wanke farin dutsen nan, don kada a ce matar Lipinski ta gaza. Gidajen nan na bayan coci da aka toshe tagoginsu da katako, duk haka suka fara. Matakala ta yi toka-toka, ganye ya taru a lungunta, sai wata safiya a tashi a ga ɓarayi sun ɗauke dutsen ɗungurungum, ƙofa ta rage can sama babu abin takawa. Ba zan bari mai wucewa ya dubi ƙofarki ya ce mai gidan nan ta tafi ba. Duk Asabar ina gaya wa layin da buroshi cewa tana nan, fita ta ɗan yi.

Ga shi sanyi ya ja jiki, ƙaunatacciyata. Itatuwan lambun Patterson Park sun yi fure, iska tana kaɗo shi har bakin titinmu, tsuntsayen teku sun dawo suna rigima a kan rufin kasuwa. Mai keken dokin nan ya fara zagayowa da lemu da ayaba, yana rera tallarsa. Shekaranjiya dokin ya zo daidai ƙofarki ya tsaya da kansa, ya ƙi gaba, yana jiran ɓawon tuffar da kika saba ba shi. Mutumin ya ce masa, “Wuce mana, ba ta nan.” Na fito na ba dokin tuffa sukutum, na ce wa mai shi ya daina faɗin haka a layin nan. Ranar Lahadi an buɗe tsohuwar hasumiyar lambun, na lallaɓa na hau. Ga tashar jiragen ruwa, ga jan tambarin kamfanin sukari a tsallaken ruwa, ga kawunan coci-coci, ga rufin gidajenmu a jere har inda ido ya ƙare. Kin tuna lokacin da muka hau tare, kika tsaya kina haki, kika ƙi yarda haki kike, kika ce gari kike kallo? A wurin na tsaya. Garin yana nan yadda kika bar shi, amma ban daɗe ba na sauko.

Mayu yana tafe, watan da kowa ke fito da ragar tagarsa ya maƙala. Taki tana wurina tun Oktoba. Na wanke ta, na sabunta jan rufin da ke cikin zanenta, na ƙara wa itatuwan kore. Ina cikin aikin ne na ce wa kaina, wannan ragar ta san wata magana da ban taɓa yi da ke ba, kuma in ban yi ta bana ba, wataƙila ba zan sake samun dama ba.

Kin tuna yadda aka yi ta? Bayan rasuwar mijinki Walter ne, kin riga kin ajiye baƙaƙen kaya. Kika tsallako titi kika ƙwanƙwasa mini, kika ce, “Casimir, ragata ta koɗe, masu wucewa suna gani har cikin tukunyata.” Na kwaso gwangwanayen fenti. Duk rayuwata abu guda nake zana wa unguwar nan: ƙaramin gida mai jan rufi, hanya mai lanƙwasa, itatuwa, tafki, da fararen agwagi biyu masu dogon wuya. Babu ɗayanmu da ya taɓa kwana a irin wannan gida, lokacin ko itace guda babu a layinmu, ina jin shi ya sa kowa ke so. Na zana tafkin, na ɗauko farin fenti, kika tsaya a kaina kika ce, “Guda ɗaya za ka sa. Ni ba na ƙarya ko a jikin taga.” Na sa guda ɗaya.

Ke ce fa mai koya wa amaren layi ƙa'idar raga. Sau nawa na ji ki kina gaya musu cewa na ciki yana ganin waje, na waje kuwa zane kawai yake gani, muddin ba a kunna wuta a ciki ba? To, na gama ta taga na maƙala, na koma kan ta ƙofa. Na kwantar da ita a benci a bakin titi ina aiki, yamma tana yi, rana ta faɗa bayan gidaje. Kin bar wutar kicin a kunne. Gidajenmu kuwa kin san su, sirara ne dogaye, hasken baya yana ratsowa har gaba. Na ɗaga kai in gwada launi, sai na gan ki. Kina tsaye a falo, tsumman goge kwano a kafaɗarki, tafkin da na zana ya zo miki iya ƙirji, agwagwar tana iyo daidai zuciyarki. Kina kallo na. Ba kallon mai duba aiki ba ne, wannan na san shi, na sha shi a wurin matan unguwa. Kika sa hannu kika gyara gashinki, kika yi murmushi ke kaɗai, irin na wadda ta tabbata babu mai ganin ta.

Na sunkuyar da kai da sauri, na ɗiga jan fenti a sararin saman zanen, dole na mai da shi tsuntsu. Yana nan har yau a kusurwar dama, in kin dawo ki duba. Aikin yini guda ya ci mini mako, kullum sai da yamma nake zuwa, kullum kuma wutar kicin tana kunne. Lottie ta ce, “Agwagwa ɗaya ce ke cin mako? Ko jira kake ta saka maka ƙwai?” Na daɗe ina tambayar kaina, mantuwa ce kuwa? Mace irin ki, da ba ta taɓa manta ranar kwashe shara ba, ta manta da wuta mako guda cur? Ban tambaye ki ba a lokacin, yau ma ba zan tambaya ba. Na dai san tun daga yammacin nan zuciyata ta tsallaka titi, ba ta sake dawowa gida ba.

Abin da ya biyo baya kin san shi. Zaman matakala da zafi, ke a ta sama ni a ta ƙasa. Fasa ƙaguwa a kan tsohuwar jarida, yajin yana cin leɓenmu, kina yi mini gorin ina barin nama a ƙafa. Rakiya zuwa coci, rakiya zuwa kasuwa, sai da safe a bakin ƙofa, kowa ya shiga gidansa. Na ɗauka haka za mu yi ta tafiya, kamar yadda ruwan teku yake zuwa gaɓa ya koma ba ya fashi. Sai da ƙofarki ta rufu hunturu guda na gane abin da nake da shi. Bernadine, ke ce ruwan sama na farko a kan kwalta mai zafi, ke ce iskar da ke tasowa daga teku lokacin da duk layi ya rasa numfashi. Me zan yi da furen lambu in babu wadda za ta ce in daina tsinka, na jama'a ne? Wa zan ba labarin gwiwata ya ce raki ne? Ina kewar ki. Ina kewar takunki, da tsakinki, da yadda kike kiran sunana kamar na yi laifi ko da ban yi ba.

Na san abin da ya tsaya tsakaninki da gida. Matakalar nan ce. Likita ya ce babu hawa sai da ƙarfen dafawa. Denise ta ce a huda dutsen a kafa, kika ce daga kan gadon asibiti, “Duk mai son huda dutsen uwata, ya fara huda ni.” Aka ce to ki riƙa shiga ta ƙofar baya, ta lungu, inda babu hawa, kika ce ke ba kwandon shara ba ce. Daga nan magana ta mutu, aka sa ki a jirgi.

Ni ban bar ta ta mutu ba. Duk sanyin nan ina zane a bayan kwali, ina kai wa Eugene mai walda, yana tsaki, ina sakewa. Daga ƙarshe muka samu. Ƙarfe ne wanda kansa zai kama jan bulon bango gefen ƙofa, ƙafarsa ta sauka a simintin bakin titi, ya bi ta gefen matakala kamar hannun mai rakiya, ko ƙwarzane ba zai yi wa dutsen ba. Eugene ya ce, “Duk wannan wahalar don kada a ɓata wa dutse rai? Wai ita da dutsen wa ya fi tauri?” Na ce ya yi waldarsa ya bar tambaya.

Guda biyu muka ƙera. Ɗaya na kafa a ƙofata, na gwada shi da dukkan nauyina, na sa Eugene ma ya rataya, kin kuwa san shi ba ƙaramin mutum ba ne. Ko gezau. Ɗayan yana jingine a ɗakina na ƙarƙashin ƙasa, na shafa masa baƙin fenti, ya bushe. Ban kai shi ƙofarki ba, domin bangonki ne, kuma na san wadda nake hulɗa da ita. Kalma ɗaya za ki aiko, kafin jirginki ya sauka ya kafu.

Za ki ce me ya kai ƙarfe ƙofata, alhali ina hawa lafiya lau. Domin ke ne. Ina so ki hau tawa matakalar ma, ki shigo, ki zauna, ki ce labulena ya yi datti. Bernadine, ina so ki aure ni. Ga shi na rubuta, biro bai karye ba, rufi bai faɗo ba. A cocin da aka yi mana baftisma mu duka, da safe, ba sai an tara jama'a ba, ko da yake Lottie za ta zo ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba. Mu zauna a gidanki ko a gidana, duk wanda kika zaɓa, titi ne kawai tsakani, kuma na gaji da tsallaka shi in koma ni kaɗai. Walter mutumin kirki ne, matata Irene ma haka, mun riƙe su da amana suna raye, mun yi musu kukan da ya kamata. A tafkin ragarki akwai wuri kusa da agwagwarki, tun ranar farko na bar shi. Na haɗa farin fenti na rufe gwangwanin, ban taɓa ba, tunda ba kya ƙarya ko a jikin taga.

Ba zan yi miki ƙarya ni ma ba. Can akwai rana duk shekara, gidan Denise shimfiɗe yake babu hawa babu sauka, ga jikoki suna shigo miki ɗaki. Nan kuwa akwai sanyi, akwai zafin Agusta, akwai ɓeraye a lungu, akwai tsoho mai gwiwa ɗaya. In aka jera su, kowane mai hankali zai ce ki zauna. Da ina iya naɗe layin nan kamar tabarma in kawo miki, da na yi. Amma a waya ta ƙarshe, bayan kin gama yabon ranar Arizona, kin rage murya kin tambaye ni ko Lottie ta riga ni fitowa da bokiti ranar Asabar. Wadda ta bar gida ba ta wannan tambayar, zumata.

In kuma kika duba kika ga zaman can ya fi miki, ki faɗa mini kai tsaye, kada ki ba Denise saƙo. Ba zan yi fushi ba, ba zan ce kin yaudare ni ba. Zan ci gaba da wanke dutsen mahaifiyarki har ranar da za a miƙa makulli, in nuna wa sabon mai gidan cewa daga sama ake farawa. Ragarki kuwa ba zan bar musu ba, zan riƙe ta da agwagwarta guda. Abin da ba zan iya ba shi ne in daina son ki, wannan ya fi ƙarfina.

Saura abu ɗaya. Ni ma ina da raga a tagata, kuma na daɗe a bayanta. Daga nan nake kallon ki kina fita coci da farar safar hannu, kina dawowa da jakar kasuwa, ina zaune cikin duhu ina ganin kowa babu mai gani na. Na bar wannan. Bana na maƙala tawa tun kafin lokaci, kuma da rana ta faɗi sai in kunna fitilar falo, in kunna ta kicin, in zauna daidai taga. Duk mai wucewa yana ganin tsoho a tsakiyar tafki, da kujera guda babu kowa a gefensa, yana kallon ƙofar tsallaken titi. Jiya Lottie ta tsaya a bakin taga ta ce, “Casimir, kashe wutar nan mana, duk layi yana ganin ka.”

Na ce mata na sani.

Ki dawo ki gan ni, Bernadine. Fitilar tana kunne, ba mantuwa ba ce.

Naki a wannan gefen titi, naki a wancan, naki muddin hannun nan yana iya riƙe buroshi, da bayan ya kasa,

Casimir Dudek